Saƙon da Na Tura Ban Saurara Ba

Assalamu alaikum mutanen wannan shafi. Kafin wata ta fara min faɗa a ƙasa, ku bari na kai ƙarshe, don wanda nake yi wa kaina ma ya ishe ni. Kwana biyar ke nan ban zauna wuri ɗaya na minti goma ba. In ina ɗaki tsakar gida nake so, in na fito sai na koma, har Inna ta ce ko ƙaya aka zuba wa kujerun gidan nan.

Sunana Basma, a Birnin Kudu nake. Ni ce nake riƙe da guruf ɗin matan nan da ake kira Zauren Jere. Mu goma sha biyu muka fara shi, ƙawayen makaranta, muna tambayar juna inda ake samun labule mai kyau. Yanzu mun haura ɗari takwas, daga Kiyako, Kangire, Yalwan Damai har Gwaram. Duk wadda za ta aurar da 'ya ko ƙanwa, nan take zuwa ta tambayi abin da za ta saya. Kuma ba yabon kai ba, ana jin maganata, saboda ba na yabon kaya sai na gwada. Na taɓa jiƙa labule kwana uku a bokiti don a ga ko yana zuba. Na taɓa kwanar da ruwan zafi a fulas kala biyar na bi su da yatsa washegari. Shi ya sa suke kirana Malama Gwaji, ni kuwa kai ya kumbura.

To bana abin da ake yayi shi ne dutsen kanta. Amarya ko ciki da falo za a kai ta, sai an kafa mata kantar giranit a kicin, ko da kuwa a ƙarshe a tsakar gida za ta riƙa hura gawayi. Zauren ya rabu biyu. Akwai 'yan baƙi, masu son baƙin dutsen nan mai sheƙi da ake kawowa ta Kano ana cewa ɗan waje ne. Akwai 'yan zabuwa, masu son dutsen gida, wanda ake yankowa daga duwatsunmu, toka-toka da ɗigo-ɗigo kamar jikin zabuwa. Kullum sai an kwasa.

"Baƙin ya fi aji, kina ganin fuskarki a ciki."

"To madubi kika je saya ko wajen yanka albasa?"

"Ni dai nawa na gida ne, na ɗora tukunya da zafinta bai ce uffan ba."

"Ai ku 'yan zabuwa rowa ce ke damunku, ba kishin gida ba."

Ni ban taɓa shiga ba, sai dai na ce a yi haƙuri a daina zagi. Ba adalci ne ya hana ni ba, tsoro ne, don dutsen nan biyu duk a jikina suke.

Na gida, wanda zan aura ne yake yanka shi. Maliki, mutumin Gwaram, yana da rumfa a bakin titi da injin yanka ɗaya da na gogewa ɗaya. Ba shi da yawan magana, hannunsa duk kanta, kuma ko ya yi wanka ya sa shadda sai ka tsinci farar ƙura a girarsa. Shekara ɗaya da rabi yana zuwa wajena. Kyautarsa ta farko ba turare ba ce, wani ɗan falalen dutse ne mai faɗin faranti, ya goge shi sumul ya ce na riƙa yanka kubewa a kai. Na yi masa dariya ranar, amma ina son bawan Allahn nan, so mai sa na ji haushin duk motar da ta tsaya a ƙofar gida ba tasa ba.

Baƙin kuwa, Baffa Badaru ne babban mai sayar da shi a garin nan. Ƙanin mahaifina ne. Tun rasuwar Baba shi ne a tsaye a kanmu, shi ya kai ni makarantar koyon malanta, shi zai ba da aurena. Har ya kawo wa Inna guntun baƙin dutsen ya ce ta ajiye ta gani, irinsa zai kafa min a kicin a matsayin gudummawarsa. Kuma ranar Asabar ɗin nan, wato gobe, manyan Maliki za su taso daga Gwaram su zo wajensa neman aurena.

Yanzu ga abin da na yi.

Ranar Litinin da hantsi ina suyar awara, hannuna duk mai, sai Anti Hadijatu, matar Baffa, ta turo saƙon murya a guruf ɗin dangi. Minti shida ne. A ƙarƙashinsa ta rubuta: "A tura saboda Allah, a ceci 'ya'yan mutane." Na danna da gwiwar yatsa. Wani mutum ya yi sallama, ya yi salati, ya ce iyaye mata akwai wani abu a kicin ɗinku da ke cutar da ku ba ku sani ba. Nan awara ta fara ƙonewa. Na ce a raina maganar tukunyar dalma ce ko leda, irin wadda ake turowa kullum. Na tura shi Zauren Jere, har da ƙarawa da hannuna: "Ku saurara, yana da muhimmanci." Na koma kan kasko. Kafin azahar waya ta mutu, ba wuta, sai washegari na samu caji.

Ina kunnawa na ga saƙo ɗari shida da wani abu.

Na zauna bakin gado na saurari muryar nan har ƙarshe. Mutumin, wanda bai faɗi sunansa ba, yana jefa Turanci nan da can kamar likita, cewa yake dutsen gida yana fitar da wata iska da ido ba ya gani, tana shiga jikin mace tana tsaye tana girki, ta busar mata da mahaifa. A minti na biyar ya ce, "Musamman wanda ake yankawa a Gwaram, rumfar wani yaro Maliki."

'Yan uwa, ban san sanda na miƙe ba. Na zaga ɗakin ya fi sau ashirin, waya a hannu, ina innalillahi.

A zaure kuwa an gama yanke hukunci.

"Malama Gwaji ce fa ta turo, ba ta turo shirme."

"Wayyo ni, nawa wata huɗu da kafawa!"

"Dama na faɗa muku. Ina 'yan zabuwa? A fito mana."

"Na kira na fasa, ko kyauta ne ba na so."

Na goge saƙon da sauri, sai abin ya ƙara lalacewa. Ya riga ya tafi guruf-guruf, har wata ta dawo min da shi daga Dutse. Wata Maman Abu ta rubuta: "Me ya sa kika goge? An toshe miki baki ke nan?" Na rubuta cewa kuskure ne, ban saurara ba na tura. Aka yi min caa. "Ke da kike jiƙa labule kwana uku za ki ce ba ki saurara ba?" "In ƙarya ne ki gwada mana. Duka biyun, baƙin da na gidan, yadda kika saba."

Duka biyun. Nan na ajiye wayar na fita tsakar gida, na dawo, na sake fita.

Ranar Laraba na kira Anti Justina. Maƙwabciyarmu ce, ungozoma, mutuniyar Filato, shekararta goma sha huɗu a garin nan, Hausarta ta fi ta wasunmu. Ta shigo da kayan aikinta a jiki, ta zauna kan turmi ta saurari muryar. Tana kaiwa wajen mahaifa ta kwashe da dariya har da buga cinya.

"Basma, matan Gwaram a kan dutsen nan suke shanya, a kansa kakanninsu suka yi niƙa. Ki zo ɗakin haihuwa ranar kasuwa ki gani ko akwai gado. Wane likita ne ba shi da suna ba shi da asibiti?"

"Anti, ki faɗa musu haka."

"Zan faɗa, da sunana da muryata. Amma gwajin da suke nema fa?"

Na ɗauko falalen Maliki da guntun Baffa, muka jera su kan tabarma a rana. Anti Justina ta riƙe waya tana ɗauka. Na ɗiga ruwan tsamiya mai kauri a kan kowanne, na ɗiga manja, muka ba su rabin awa. Da na goge, na Maliki tsaf, sai ɗan duhu kaɗan inda manjan ya zauna. Na Baffa kuwa, inda tsamiya ta taɓa sheƙin ya dushe, ya yi fari-fari kamar tabon ƙuna.

Anti Justina ta buɗe jaka ta fito da 'yar kwalbar ruwan goge jan farce. "Wani mai aikin gini a cocinmu ya taɓa nuna min wannan. Kawo auduga."

Na jiƙa auduga na murza a kan na Maliki, ta fito fara. Na murza a kan na Baffa, ta fito baƙi ƙirin kamar na share gindin tukunya. A wurin da na murza, dutsen ya koma ruwan toka. Rini ne. An rina shi ne.

Ban ankara ba ashe Inna tana tsaye a bayanmu da muciya a hannu. Sai da Anti Justina ta fita sannan ta yi magana, muryarta ƙasa-ƙasa.

"Basma, kada ki kuskura."

"Inna, mata suna yanka nama a kan rini."

"Na gani, ba makauniya ba ce ni. Amma mutumin nan shi ya riƙe mu. Ki bari Asabar ta wuce, a sa rana, in ya so ki yi abin da za ki yi."

"Kafin nan rumfar Maliki ta mutu."

"To wa ya aike ki tura abin da ba ki ji ba?"

Na kwashe duwatsun na tura ƙarƙashin gado, na ƙulle audugar a leda na jefa cikin jakata. Na yi ta kai-komo har Inna ta ce na je na tace gasara ko ta samu ta huta da ƙarar takalmina.

Abu ɗaya nake rarrashin kaina da shi: zauren na mata ne, Maliki bai san daga hannun wa abin ya fito ba. Saƙonninsa kwana biyun nan gajeru ne, "Lafiya lau", "Ina aiki", amma dama shi ba mai tsawaita rubutu ba ne.

Alhamis bayan la'asar ya zo. Na sa atamfata ruwan zuma da farin mayafi, na shafa hoda na goge, na sake shafawa. Na same shi a soro zaune kan benci, shadda ruwan ƙasa, hula a gwiwa. Na ajiye masa zoɓo bai taɓa ba. Muka gaisa kamar baƙi.

"Ya aiki?" na ce, don bakina ya rasa abin faɗa.

"Aiki bakwai aka fasa. Tun Talata ban kunna inji ba."

Na dubi yatsun ƙafata. Zuciyata na cewa yi shiru, bai sani ba. Sai kawai na ji bakina ya buɗe.

"Maliki, ni ce. Ni na tura saƙon nan zaurenmu. Wallahi ban saurara ba, awara nake soyawa, ban san da sunanka a ciki ba."

Ya juya hular a hannunsa sau biyu.

"Na sani tun Talata. Wadda ta fara zuwa fasa aiki ta miƙo min wayarta na ji. Sunanki ne a sama."

"Kuma ba ka ce min komai ba?"

"Jira nake na ga ko za ki faɗa."

Kunya ta kama ni irin wadda ban taɓa ji ba, hawaye suka ɓata min hodar da na sha wahala a kanta. Na ce ya zage ni ko na ji sanyi. Ya ce zagi ba zai kunna inji ba.

"Ni na yarda kuskure ne, Basma. Amma yayyena ma sun ji. Sun ce ba za su taka su nemo min matar da ta kira sana'ar gidanmu guba ba, sai ta wanke ni a inda ta ɓata ni. Kafin Asabar."

"Matan ba za su yarda ba sai na gwada duka biyun. Na kuma gwada. Na Baffa rini ne."

Bai yi mamaki ba, ko kaɗan. "Duk mai yankan dutse ya san wannan. Ban taɓa faɗa miki ba saboda Baffanki ne. Yanzu ma ba zan ce ki tona shi ba." Ya miƙe ya sa hula. "Ban zo da dabara ba. Na zo ne kawai ki san inda nake tsaye."

Ya tafi ya bar zoɓon. Na tsaya a soro ina jin ƙarar mashin ɗinsa har ta ɓace, sannan na shanye zoɓon da kaina don haushi.

Yau Juma'a da safe na sa hijabi har ƙasa na tafi shagon Baffa. Na ce ko ba komai ya ji daga bakina kafin ya ji a waya. Na same shi zaune cikin farar babbar riga, baƙaƙen duwatsu jingine a bango suna ɗaukar ido. Na durƙusa na gaishe shi, ya tsokane ni da amarya, har ya fara nuna min wanda ya ware min. Na kwance ledar na miƙa masa audugar, na yi masa bayani.

Ya daɗe yana kallonta. Har yanzu ban san ko ya sani tun farko ba, ko shi ma a lokacin ya sani. Fuskarsa ba ta nuna min ba.

"Haka ake kawo shi daga Kano," ya ce. "Kowa irinsa yake sayarwa."

"Baffa, muryar da Anti Hadijatu ta tura fa, wa ya yi ta?"

"Ni na san masa? Ita ma turo mata aka yi." Ya jefa audugar a kwandon shara. "Basma, ni za ki koya wa dutse? Shekara nawa ina wannan kasuwa kina goye?"

"Ba haka ba ne, Baffa. Mutum na ɓata, dole na wanke shi."

"Ki wanke shi da mutuncina?" Ya sunkuyo. "Ki ji da kyau. In hoton dutsena ya fita a wayar nan, ki nemi wanda zai karɓi baƙinki gobe, ba ni ba."

Na fito daga shagon. Na wuce gidanmu ban sani ba, sai da na kai kwanar masu kifi na juyo.

Ina shiga ɗaki na ga saƙo ta bayan fage daga wata Zahara'u ta Kangire, ban ma san fuskarta ba. "Malama Gwaji don Allah ki gaya min gaskiya. Shekarata biyu da aure ban haihu ba. Uwar mijina ta ji muryar nan ta ce dutsen da iyayena suka kafa min ne, ta ce mu muka kawo musu masifa gida. Gobe za a zo da guduma. Babana gonarsa ya noma ya yi min shi. In ke kika ce a fasa, na haƙura."

Na karanta sau uku. Na tuna duk abin nan hannuna ne mai maiƙon awara ya jawo shi, kuma ina nan ina auna ranar sa rana.

Ana kiran sallar Juma'a na tura. Muryar Anti Justina da farko, da sunanta da aikinta. Sannan bidiyon, duka, ban yanke ko daƙiƙa ba. Ban ambaci shagon kowa ba, amma garin nan wa bai san mai baƙin dutse ba? A ƙarshe na rubuta: "Na tura muku ƙarya ban saurara ba, na cuci bawan Allah. Ku yafe min. Na gida ma yana ɗan shan manja, a riƙa gogewa da wuri. Wannan baƙin da na gwada rini ne. Ban ce duk baƙi ba, kowa ta gwada nata."

Zauren ya kama da wuta. Kafin a sauko daga masallaci hotunan auduga sun fi talatin, wasu farare, da yawa baƙaƙe. Maman Abu ta rubuta: "Ni dama tun farko jikina bai ba ni ba," ita da ta fi kowa zagin 'yan zabuwa. Zahara'u ta turo min cewa ta kunna wa uwar mijinta muryar ungozoma, an ce a dakata da guduma.

Ban samu na yi murna ba. Ƙarfe uku da kwata saƙo ya shigo guruf ɗin dangi, daga Baffa, shi da bai taɓa rubuta komai a ciki ba sai amin.

"A sanar da mutanen Gwaram kada su wahalar da kansu gobe. Ƙofata a rufe take."

Babu wanda ya tanka, mutum arba'in da ɗaya duk sun gani. Na kai wa Inna wayar tana tsintar shinkafa, ta karanta, ta miƙo min, ta ci gaba da tsinta. Da ta zage ni da ya fi min sauƙi.

Na tura wa Maliki saƙon Baffa yadda yake. Na ƙara da cewa: "Na wanke ka, amma na rasa mana Asabar." Na ga ya buɗe. Na ga yana rubutu, ya tsaya, ya sake farawa. Na zaga tsakar gidan nan har kaji suka gudu bayan randa. Sai bayan la'asar amsa ta zo.

"Yayyena sun ga bidiyon. Mun sayi goro. Ƙarfe goma muna ƙofar gidan Baffa. In bai buɗe ba za mu zauna a waje har ya buɗe, mu da muka saba wuni a rana."

Na karanta wa Inna da ƙarfi. Ba ta ɗago ba sai da ta gama tsintar tsaf, ta kaɗe zaninta, ta shiga ɗaki. Na ji tana jan kaya a bayan sif. Ta fito da babbar dardumar nan ja, wadda ba a shimfiɗa ta ba tun zaman makokin Baba, ta yarfa ta kan igiya ta miƙo min sanda.

"Kaɗe ta da kyau," ta ce. "Gobe da sassafe ni da kaina zan kai ta ƙofar gidansa. Ko ya buɗe ko bai buɗe ba, baƙin 'yata ba za su zauna a ƙasa ba."